Jiran Malama Mai Kwali

Ajin yana bene, sama da shagon mai faci da shagon tela. Matakala goma sha tara ce, ta bakwai ta tsage tun da daɗewa, kowa ya san ya tsallake ta. A nan Malama Mai Kwali ta yi shekara ashirin da uku tana koya wa manya Turanci. Ɗalibanta direbobi ne, da masu gadi, da masu wanki da guga, da masu share asibiti, mutanen da karatu ya wuce su suna yara, suka dawo suna bin sawunsa da furfura a ka. Ƙarfe huɗu na yamma, in an tashi daga aiki, za ka ga ta kunno kai da kwali a rungume kamar mai ɗauke da jinjiri. Sunanta na yanka a cikin kwalin nan ya ɓace. Ko katin biki aka aiko mata, Mai Kwali ake rubutawa a baya. Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa jin haushin sunan ba.

Babu abin kirki a kwalin in ka leƙa. Kofin roba ne, da cokali, da kwaɗo da makullinsa, da madubi mai tsaga, da agogon bango da ya daina tafiya, da albasa ɗaya da take sauyawa duk mako, da tsohuwar waya wadda ba ta kawo wuta. Duk daga gidanta ta kwaso su. Maigidanta, tsohon ma'aikacin gidan waya da ya yi ritaya, ya sha kai ƙararta wurin ƙawarta tela. Ya ce wata safiya ya nemi takalminsa wari ɗaya sama da ƙasa, ashe takalmin ya tafi ɗaukar darasi.

"Komai na gidan nan ya je makaranta," in ji shi. "Ni kaɗai aka bari jahili, ni da gado, shi ma don ya fi ƙarfin kwalin ne."

Koyarwarta ba irin wadda aka saba ba ce. Ranar farko ba ta raba littafi, ba ta rubuta komai a allo. Kofi za ta ɗaga ta faɗi sunansa da Turanci, ta yi kamar ta sha, ta ajiye shi a kan tebur, ta mayar da shi ƙarƙashi, tana faɗin abin da take yi. Ta ce a tashi, ita ma ta tashi. Ta ce a buɗe kwaɗo, ta miƙa wa wani makulli. Mutum yakan yi mako uku ko huɗu yana amsa mata da hannu da ƙafa, bakinsa a rufe, ba wanda zai ce masa uffan. Takan ce kunne tulu ne, sai ya cika kafin ya tumbatsa ta baki, kuma tulun kowa da girmansa. Ba ta da jan biro. In ka yi kuskure ba za ta ce ka yi kuskure ba, sai dai ta maimaita maganarka daidai, a cikin hira, kamar tana tabbatar da abin da ta ji.

Amma abin da aka fi sanin ta da shi jira ne. In ta yi wa mutum tambaya, sai ta harɗe hannu, ta ɗauke idonta daga fuskarsa ta mayar kan taga, tana ƙirga numfashinta a zuci. Sai ta kai ashirin kafin ta sake cewa wani abu. A wannan tsakanin ba wanda aka yarda ya taimaka. Ko aku ne kai, in ka buɗe baki yatsa ɗaya za ta ɗaga maka. Dokar ajin ke nan guda ɗaya tak: ba a ƙwace wa mutum magana a baki.

Tela ce kaɗai ta san inda jiran nan ya samo asali. Shekarunsu ɗaya, kuma kullum in an tashi aji a shagonta Mai Kwali take zama ta huta ƙafa, tana tsince mata zare. Wata rana ta ba ta labari. Tana 'yar aji uku tana da in'ina. Malaminsu ya tashe ta ya yi mata tambaya, ta san amsar sarai, kalmar tana kan harshenta tana kokawar fitowa, shi kuwa ya riga ya nuna na kusa da ita. Ajin ya yi dariya. Daga ranar ta yi shekara guda cur ba ta ƙara buɗe baki a makaranta ba, har aka rubuta a takardarta wai ba ta da ƙwaƙwalwa.

"Numfashi uku kawai nake nema a wurinsa, 'yar uwa," in ji ta. "Uku. Ya hana ni."

A shekararta ta ƙarshe a ajin wata dattijuwa ta shigo, mai goge daɓe a asibitin da ke bayan layin. Kowa Gwaggo yake ce mata. Ta haura sittin, hannayenta sun yi kaushi saboda ruwan sabulu. Ɗanta ɗaya ne, yana wata ƙasa mai nisa, ya yi aure can, ya haifi 'ya mace wadda ba ta jin komai sai Turanci. Duk Lahadi yakan kira, ya miƙa wa yarinyar waya, ita ta yi ta zuba kamar kanya, Gwaggo kuma ta yi ta murmushi tana gyaɗa kai ga wadda ba ta ganin ta. Abin da ya kawo ta ke nan. Ba takardar shaida take so ba, ba ƙarin girma ba.

Wata biyar Gwaggo ta yi a kujerar baya, ba ta taɓa fashi ba, ba ta kuma taɓa furta kalma ɗaya ba. In an ce a ɗaga kofi ita ce ta farko. In an ce a sa cokali a cikin takalmi, tana gane wasa ne, ta yi dariya a gyalenta. Amma baki gum. Akwai wani direban motar marasa lafiya a ajin, sarkin surutu, wanda yake yin Turancinsa ko daidai ko ba daidai ba. Yakan tsokane ta ya ce Gwaggo tara nata take yi, ranar da za ta fasa sai an kira 'yan kwana-kwana. Ita kuma ta ce masa, da harshen gida, gara tulu rufaffe da gwangwani maras komai.

Ana haka aka kawo sabon darakta. Ba mugu ba ne, yaro ne mai ƙoƙari, ya yi karatun koyarwa mai zurfi. Ya zo da sabon tsari daga hedkwata. A tsarin nan ɗalibi zai fara magana tun ranar farko. Za a riƙa sauraren darasi ta na'ura, a maimaita, a zauna bibbiyu a yi hira ta minti biyar, a sauya abokin hira. Kashi saba'in na lokacin aji dole ya zama muryar ɗalibai. Shirun da ya wuce daƙiƙa goma kuwa ɓata lokaci ne, kuma akwai gurbinsa a takardar masu duba aiki. Sannan ya sanar da abin da ya sa kowa ya sha jinin jikinsa: azuzuwan yamma uku ne, biyu za a bari. Mai duba aiki za ta zo ta zauna a kowane aji, wanda ya zo ƙarshe a maki shi za a rufe.

Mai Kwali ba ta raina tsarin ba. Ta je horon kwana uku, ta zauna a layin gaba da gilashinta, ta cika littafi da rubutu. Ta gaya wa tela cewa akwai gaskiya a ciki, matasa da yawa jiran nata yana gundurarsu, turawa suke so. Abin da ta kasa haɗiyewa shi ne daƙiƙa goman nan. Ta gwada a gida, ta sa maigidanta ya riƙe agogo. Numfashi uku ne da ɗan wani abu.

Akwai abin da malamai suke yi in masu duba aiki za su zo, kowa ya sani, ba a dai rubuta shi. Ana yin darasin tun kafin ranar, sau biyu ko uku, har kowa ya haddace layinsa. Sannan a ja masu rauni gefe, a ce su huta a gida ranar. Sauran malaman biyu sun yi hakan. Darakta da kansa ya same ta a bakin matakala, ya rage murya, ya ce shi ba ya son ya rasa ta. Ya ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, yini ɗaya ne kawai, a sallami dattijuwar nan ta je ta huta, jibi ta dawo kujerarta. Mai Kwali ta gode masa, ta ce za ta duba.

Maganar ta kai kunnen Gwaggo, don ba a ɓoye komai a wurin da direba yake. Ana gobe za a zo, ta tsaya bayan kowa ya fita, tana murza bakin gyalenta.

"Malama, gobe ina da ciwon ƙafa."

"Tun yau kika san da shi?"

"Na san kaina. Kada in zame miki ƙarfen ƙafa. Ke da ajinki shekara da shekaru."

Mai Kwali ta ci gaba da mayar da kaya cikin kwali. Daga baya ta gaya wa tela cewa a lokacin nan zuciyarta ta so ta ce to. Kalma ɗaya ce, kuma Gwaggo ce ta kawo ta da kanta. Amma ta ga in ta ce to, ta gaya wa matar nan ke nan cewa wata biyar ɗin da ta yi abin kunya ne da ake ɓoyewa in baƙi sun zo.

"Gwaggo, ki zo da ƙafar," in ji ta. "A gaba ma za ki zauna."

Mai duba aikin matashiya ce mai ladabi, da ƙaramin agogo rataye a wuya da takarda a kan katako. Ta durƙusa ta gaida Mai Kwali, ta kira ta Mama, ta zauna a lungu. Rabin farko na darasin ya tafi yadda tsari yake so. An zauna bibbiyu, an yi ciniki na wasa da albasa da cokali, direba ya cika ɗakin da murya kamar shi kaɗai aka biya. Darakta yana tsaye a bakin ƙofa, fuskarsa ta fara saki.

Saura minti goma sha biyu a tashi, Mai Kwali ta sa hannu a kwali ta ciro tsohuwar wayar nan. Niyyarta ta miƙa wa direba. Sai ta ga wani hannu mai kaushi ya taso daga kan tebur, a hankali, ya tsaya a iska.

Ta san abin da ke cikin takardar da ke lungu. Ta kuma san hannun nan wata biyar ya yi a hanya. Ta ɗora wayar a tafin Gwaggo, ta kara nata hannun a kunne, ta sirantar da murya kamar ta yarinya, ta tambaya da Turanci wa ke magana. Sannan ta harɗe hannu ta juya ga taga.

Aka ji ƙit, an danna agogo. A ƙasa mai faci yana buga ƙarfe. Numfashi biyar, goma. Direba ya gyara zama ya buɗe baki, yana son ya ceci malamarsa, ta ɗaga masa yatsa ba tare da ta dube shi ba. Ashirin ta cika. A ƙa'idarta nan take sake tambayar, ko ta sauƙaƙa ta. Amma ta gefen ido ta ga leɓen Gwaggo yana motsi, don haka ta soma sabon ƙirga. Darakta ya yi gyaran murya. Gumi ya tsattsafo a goshin Gwaggo, ta riƙe wayar da hannu biyu kamar za a ƙwace.

Minti biyu da daƙiƙa goma sha huɗu, haka aka rubuta a takarda. Sannan murya ta fito, ƙasa-ƙasa, a dishe, kalma bayan kalma, da Turanci: "Ni ce kakarki."

Ba wanda ya tafa. Direba ya sunkuyar da kai yana share hanci da bayan hannu. Mai Kwali ta amsa da muryar yarinya, ta gaida kakarta, ta tambaye ta ko tana lafiya. Ta sake komawa ga taga. Sauran lokacin ajin kusan duk a shiru ya ƙare, amsa ta biyu ba ta zo ba har aka tashi.

Da za ta tafi, mai duba aikin ta tsaya kusa da kwalin, ta taɓa kofin roba, ta ce, "Mama, na gani da idona. Amma takardar ba ta da gurbin abin da na gani." Mai Kwali ta ce ta rubuta abin da agogo ya ce, aikinta ke nan, Allah ya yi mata albarka.

Bayan mako uku wasiƙa ta zo. An raba ɗalibanta ga sauran azuzuwan biyu. Ita kuma, don a girmama shekarunta, an mayar da ita ɗakin ajiya, tana buga hatimi a littattafai, tana raba abin sawa a kunne na sauraren na'ura da yamma, ta karɓa in an tashi. Ɗakin ba taga. Bango ɗaya ne tsakaninsa da tsohon ajinta, tana jin mutum talatin suna maimaita abin da na'ura ta faɗa, baki ɗaya. Mako guda ta yi tana zuwa da kwalin bisa sabo. Ranar Litinin ta biyu ta tura shi ƙarƙashin teburin tela, ta ce a ajiye mata.

Ba za a ce sabon tsarin bai yi amfani ba. Direba ya ci jarrabawa, ya sami aiki a wani babban kamfani, ya zo har ɗakin ajiya ya yi mata godiya. Gwaggo kuwa kwana huɗu ta yi. An haɗa ta da wani saurayi, ya jira ta daƙiƙa goma ya juya ga wani. Ta ajiye abin sauraren a kan tebur, ba ta ƙara hawa benen ba. Ta dai faɗa wa jikarta maganar nan a waya ran Lahadi. Yarinyar ta yi ihun murna, ta zubo mata tambayoyi kamar ruwan sama, Gwaggo ba ta da magana ta biyu. Ta koma murmushi da gyaɗa kai. Tun daga nan in ta hango Mai Kwali a hanya sai ta sauya layi, don a ganinta ita ta jawo aka rufe ajin.

Sau ɗaya tela ta tambayi ƙawarta ko ta yi nadama. Mai Kwali tana zaune tana warware wani ɗinki, ta ce da ta karɓe wayar nan daga hannun Gwaggo, hannun ba zai ƙara tasowa ba har abada. Can kuma ta ce, amma da ta karɓe, da yanzu tana da aji, kuma masu irin tulun Gwaggo ba su ƙare a duniya ba, za su yi ta hawa benen nan suna sauka. Ta ce ta auna abin ta kowane gefe, bai taɓa zama daidai ba. Tela ba ta ƙara tayar da zancen ba.

A shekarar ta fara ramewa. Tari ne da farko, ta ce ƙurar littattafai ce. Matakala goma sha tara ta koma sai ta huta sau biyu. Da aka je asibiti aka ce abu ne a ƙirji, kuma ya yi nisa. Aka ba ta gado a asibitin da Gwaggo take aiki, a ɗakin mata, kusa da taga.

Kwana biyu Gwaggo tana goge ɗakin tana kewaye gadon nan, kanta a ƙasa. A rana ta uku, wajen ƙarfe huɗu, Mai Kwali ta ɗaga kofin da ke gefenta da ƙyar, ta tambaya da Turanci mene ne wannan, ta juya ga taga. Gwaggo ta tsaya da bokiti a hannu. Ta daɗe. Sannan ta jingine sandar gugar a bango, ta faɗi sunan kofin, ta zauna a bakin gadon tana kuka marar sauti.

Tela ta kawo kwalin washegari. Kusan wata guda, duk ƙarfe huɗu, aka yi aji na mutum ɗaya a ɗakin nan, da kwaɗo da madubi da albasa a kan zanen gado. Maigidanta yana kujera yana gyangyaɗi, in ya farka ya ce ga takalminsa nan ma ya zo dubiya. Gwaggo ta sami magana ta biyu, ta uku, har ta bakwai. Muryar malamar ce take raguwa kullum, har ya zama da yatsa take nuna abu.

Wata ranar Talata Gwaggo ta zo da wuri. Ta haɗa tambaya da kanta, ba wanda ya koya mata, tun safe take juya ta a baki tana aiki. Tela tana nan, maigidan yana nan. Mai Kwali tana kwance ido a lumshe. Gwaggo ta ɗauki kofin roba, ta sunkuya, ta tambaye ta da Turanci, a hankali, ko tana son ruwa.

Ba amsa. Maigidan ya yunƙura zai yi magana, Gwaggo ta ɗaga masa yatsa ɗaya. Ta harɗe hannu, ta juya ga taga, tana ƙirgawa. Ta kai ashirin, ta soma wani ashirin ɗin. Tana cikin na uku nas ta shigo, ta riƙe hannun malamar, ta ɗan jima, sannan ta ja zanen ta rufe mata fuska. Gwaggo ba ta juyo daga tagar ba sai da tela ta dafa kafaɗarta.

Allah ya sa ta huta, ya yalwata mata makwanci. Kwalin yana nan ƙarƙashin teburin tela, kusa da buhun ƙyallaye, sai albasar ce aka cire. Bayan kwana arba'in tela ta ce wa maigidan ya zo ya ɗauki kayansu, ko don takalminsa. Ya zo, ya durƙusa, ya buɗe, ya daɗe yana kallo. Ya ɗaga takalmin, ya mayar inda yake, ya rufe kwalin.

"Bar su nan," in ji shi. "Sun saba da makaranta. Gida zai yi musu shiru."